IKKON JIYA A CIKIN TSOHUWAR TASWIRAR GIDAN MAI

A bakin titi a Yaba da Ojuelegba, cikin birnin Ikko, akwai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa suna sayarwa. Wanda ya tsuguna ya yi haƙurin tonawa, wata rana a tsakanin littattafan makaranta da tsofaffin mujallu ya kan ci karo da wata doguwar takarda wadda aka ninke kamar sau takwas. Ta yi ja don tsufa, bakin ninkin ya fara tsagewa, a bangonta kuwa ga tambarin wani kamfanin mai. In aka buɗe ta sai ga birnin Ikko a kwance: ruwa shuɗi, manyan tituna ja, filayen wasa kore, a gefe kuma tallar otal-otal da kantuna da jiragen sama. Mai littattafan ba ya ɗaukarta a bakin kome. Ba mamaki ma ya ba da ita gyara ga wanda ya sayi littafi biyu.

Irin wannan takarda ita a ke kira taswirar talla. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 kamfanonin mai irin su Shell da BP da Mobil da Esso sun buga taswirorin hanyoyin Nijeriya da na manyan garuruwanta, ana ba da waɗansu kyauta, ana sayar da waɗansu a kan kuɗi kaɗan. Manufarsu a fili ta ke, watau mai mota ya yi tafiya ya sha mai a gidan mansu, baƙo kuma ya sauka a otal ɗin da aka yi wa talla, ya yi sayayya a kantin da aka nuna masa. Ba wanda ya buga su don su daɗe. A cikin mota su ke zama, su sha gumi da baƙin mai, in sabuwa ta fito a yar da tsohuwa. Shi ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka tsira suka zama abin nema a yau, domin birnin da suka zana ya riga ya sāke, su kuwa suna nan riƙe da kamanninsa na dā.

ASALIN AL'ADAR

A Amurka wannan sana'a ta fi bunƙasa. Tun cikin ƙarni na 19 masu zane su kan bi gari gari suna zana birane kamar yadda tsuntsu zai hango su daga sama. 'Yan kasuwar garin ne ke biyan kuɗin aikin, kowa kuwa yana so a fito da kantinsa ko masana'antarsa sosai. Saboda haka mai zanen ya kan cika tashar ruwa da jirage, ya sa hayaƙi yana tashi daga kowace masana'anta, don wanda ya gani daga nesa ya yi sha'awar kawo dukiyarsa garin. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a birnin Washington yana ajiye da irin waɗannan zane fiye da dubu ɗaya. Da motoci suka yawaita sai kamfanonin mai suka gaji al'adar. Kamfanin Gulf ya fara raba taswirar hanya kyauta wajen 1914, sauran suka bi sahu, har zuwa tsadar mai ta 1973 wadda ta sa aka ja baya. Yau a can masu tara tsofaffin taswirorin gidan mai har ƙungiya gare su, suna haɗuwa suna saye da musaya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, taswirar talla tana nuna gari ne kamar yadda mai talla ya ke so a gan shi. Tana faɗin gaskiya game da sunayen tituna da wuraren gine-gine, don in ta yi ƙarya a nan baƙo zai ɓace. Amma ita ke zaɓen abin da za ta nuna da abin da za ta yi shiru a kansa. Wanda ya riƙe ta Ikko ta farkon shekarun 1960 ya bi birnin da ƙafa a yau, zai ga duka biyun.

DAGA IDDO ZUWA DANDALIN TINUBU

Tafiyar ta kamata ta fara daga tashar jirgin ƙasa ta Iddo, domin nan ne ɗan Arewa na wancan zamani ya ke fara taka ƙasar Ikko, bayan tafiyar wajen mil 700 daga Kano. A taswirar, baƙin layin dogo ya kan gangaro daga sama ya ƙare a nan. Daga Iddo kuwa gada guda ce tak ke ƙetarawa zuwa tsibirin, watau Gadar Carter wadda aka fara ginawa cikin 1901. Motar haya da ta Minista da mai keke da mai kaya a ka, duk ta kanta su ke bi. Gadar Eko, wadda aka ba kamfanin Julius Berger kwangilarta cikin 1965, ba ta cikin takardar. Babbar gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala cikin 1990, inda ta ke a yau ruwa ne shuɗi fetal babu ko ɗigo. Ita kanta Iddo an rage mata girma, don sabon jirgin Ibadan da aka buɗe cikin 2021 daga Ebute Metta ya ke tashi.

Da an sauka gadar sai Idumota, sai titin da ya ratsa cikin kasuwa ya nufi Dandalin Tinubu. Taswirorin zamanin Turawa suna kiransa Victoria Street, na baya kuma Nnamdi Azikiwe Street. Babban Masallacin Jumma'a da ke kan titin yanzu cikin 1988 aka buɗe shi, a gurbin tsohon da taswirar ta sani. Masallacin Shitta-Bey na titin Martins, wanda aka buɗe cikin 1894, shi yana nan inda takardar ta ce. A wannan yanki ne Hukumar Raya Birnin Ikko ta fara rushe gidaje cikin 1955 don a gyara fuskar babban birnin ƙasa kafin samun mulkin kai, aka kwashe mazauna wurin da yawa zuwa Surulere. Wanda ya sami taswira biyu, ɗaya kafin rusau ɗaya bayansa, ya jera su, zai ga ƙananan lunguna sun ɓace, miƙaƙƙun tituna sun maye gurbinsu.

A bakin Dandalin Tinubu akwai wani tsohon bene da a ke kira Ilojo Bar, irin ginin mutanen da suka komo daga Barazil cikin ƙarni na 19. Tun 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana taɓawa. Duk da haka cikin watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. In ginin da doka ke tsaro ya tafi haka, ina ga wanda ba shi da mai tsaro? Abin da ya rage na irin waɗannan wurare sai hotuna da takardu.

TITIN DA YA SĀKE SUNA SAU BIYU

Daga Tinubu sai Broad Street da Marina, inda masu talla suka fi zuba kuɗinsu. Nan ne kantin Kingsway na kamfanin UAC, wanda aka buɗe cikin 1948, da Leventis da UTC, da ofisoshin bankuna da na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. Jirginsu mai suna Aureol ya yi ta jigilar fasinja tsakanin Ingila da Ikko daga 1951 har 1974. An daɗe da rufe Kingsway. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, wanda tallarsa ta cika takardun wancan zamani, ya daina tashi cikin 2003. Gefen taswirar ya zama kamar jerin sunayen mamata.

Shi Broad Street kansa yana da labari. Zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon an sāke masa suna ya koma Yakubu Gowon Street, kamfanoni suka buga sabon adireshi a takardunsu. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 1975 sai aka mayar masa da tsohon sunansa. Taswirar da ke ɗauke da sunan Gowon a wannan titi ta faɗi shekarunta da bakinta, ta kuma tuna wa mai kallo yadda suna a kan allon titi ke bin mai mulki ya tafi tare da shi.

Marina kuwa a taswirar bakin ruwa ta ke sosai, mai tafiya a kanta yana kallon jiragen da ke shiga Apapa. Cikin shekarun 1970 aka cike bakin ruwan da yashi aka shimfiɗa sabuwar hanya, ruwan ya ja baya. Baƙon da ya tsaya a ƙofar babbar majami'ar da ke Marina a yau, tituna da wuraren ajiye motoci da layin jirgin cikin gari ne tsakaninsa da ruwa.

Gaba kaɗan akwai wani babban kewaye kore mai siffar ƙwai, an rubuta Race Course a kansa, watau filin sukuwa. A nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya daren 1 ga watan Oktoba 1960. Cikin shekarun 1970 aka zuba masa kankare aka kewaye shi da manyan rumfuna, ya zama Dandalin Tafawa Balewa. Dawakin da suka rage a wurin su ne na gumaka da ke bisa ƙofar shiga. Makarantar King's College ta 1909 da gidan ajiye kayan tarihi na Onikan na 1957 suna nan kusa, ba su gusa ba.

INDA TAKARDAR TA YI SHIRU

Ikoyi, wadda Turawa suka keɓe wa kansu, ita ce ta fi samun gata a taswirar talla. Kowane titi da sunansa, ga filin wasan golf, ga kulob, ga otal. Babban titinta, Kingsway Road, yau Alfred Rewane Road a ke kiransa. A tsibirin Victoria ga otal ɗin Federal Palace wanda aka buɗe cikin 1960, daga can ƙarshe kuma ga Bar Beach, bakin tekun da mutanen Ikko ke zuwa shan iska ran Lahadi. Babu mai talla da zai rubuta cewa a wannan rairayi ne aka riƙa harbe 'yan fashi a gaban jama'a tun daga 1971. Yau babu Bar Beach ɗin ma. Teku ta yi ta cinsa shekara da shekaru, sa'an nan daga wajen 2008 aka shiga cike wurin da yashi don gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Gabas da tsibirin Victoria akwai Maroko, unguwar talakawa, mazaunin masunta da leburori da masu aikin gidajen Ikoyi. Ba wurin da a ke kai baƙo ba ne, don haka ba ta da wani rabo a wurin masu talla. Cikin watan Yuli na 1990, ana tsakiyar damina, gwamnatin soja ta Jihar Ikko ƙarƙashin Kanar Raji Rasaki ta ba mazaunanta wa'adin kwana bakwai, sa'an nan aka sa motocin rusau. An ƙiyasta mutanen da suka rasa muhalli sun kai 300,000. Yau manyan gidaje ne a wurin, sunan ma ya kusa fita daga bakin matasa. Duk tsohuwar taswirar da ta kai har can ta rubuta kalmar Maroko, ko da da ƙananan baƙaƙe ne, ta zama shaida. Ba takardar safiyo ba ce, ba a yi ta don raba gardamar fili ba, amma jikan mutumin Maroko zai iya ɗora yatsa a kanta ya nuna inda aka haifi ubansa.

Bahaushen da ya duba takardar yana neman 'yan'uwansa, shi ma zai sha wuya. Alhali kuwa Hausawa ba baƙi ba ne a Ikko. Tun cikin 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a birnin, wadda a ke lissafawa cikin tushen sojan Nijeriya. Obalende, maƙwabciyar Barikin Dodan inda shugabannin soja suka zauna har aka koma Abuja cikin watan Disamba na 1991, an san ta da tsofaffin sojoji da masu tsire. Agege ta cika da fataken goro da na shanu saboda tashar jirgin ƙasa. Amma taswirar talla ba ta san zango ba, ba ta san gidan Sarkin Hausawa ba, ba ta san kara ba. Ita Agege ma sau da yawa takardar ta kan ƙare kafin a kai gare ta, domin kafin a ƙirƙiro Jihar Ikko ran 27 ga watan Mayu 1967, Agege da Ikeja da Mushin duk a Jihar Yamma su ke, ba cikin yankin babban birnin Tarayya ba. Mutanen da suka ciyar da birnin da nama da goro da albasa ba su da mota, ba sa kwana a otal, saboda haka mai talla bai ga dalilin zana su ba. Wannan shirun ma tarihi ne, don yana nuna wanda a ke ɗauka da daraja a wancan zamani da wanda ba a lissafawa.

YADDA A KE GANE SHEKARUNTA

Da yawa daga cikin waɗannan taswirori ba su ɗauke da shekarar da aka buga su, domin kamfani ba ya so baƙo ya ga takardar ta tsufa. Masu tara su sun koyi karanta alamu. In kuɗin da ke jiki fam ne da sule, to, kafin ran 1 ga watan Janairu 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka fara aiki. In gargaɗin da aka yi wa direba ya ce ya bi hannun hagu, to, kafin ran 2 ga watan Afrilu 1972 ne, ranar da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama. In nisa da mil aka auna shi, takardar ta girmi komawar ƙasar nan ga kilomita cikin shekarun 1970, ko da ya ke mil bai mutu ba, ga shi nan a sunan kasuwar Mile 12.

Tambarin kamfanin shi ma agogo ne. Gwamnati ta sayi gidajen man Esso cikin 1976 suka koma Unipetrol. Cikin 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓe hannun jarin BP saboda batun mulkin wariyar launin fata a kudancin Afirka, gidajen mansa suka koma AP. In filin jirgin sama na Ikeja yana ɗauke da sunan Murtala Muhammed, to, bayan kisan da aka yi masa ne ran 13 ga watan Fabrairu 1976. In kuma akwai taswirar ƙasa duka a bayan takardar, sai a ƙirga: jihohi 3 kafin 1963, 4 daga 1963, 12 daga 1967, 19 daga 1976. Wanda ya haɗa alamu biyu ko uku ya kan iya matse shekarun takarda zuwa tsakanin shekara biyu ko uku.

A bayan irin waɗannan takardu a kan sami ƙananan taswirorin Ibadan da Kano da Kaduna da Enugu da Fatakwal. Saboda haka zancen bai tsaya ga mutanen Ikko kaɗai ba. Bakano zai iya duba inda ganuwa ta bi kafin gine-gine su cinye ta, mutumin Kaduna kuma ya ga sunayen Turawan da titunan garinsu suka amsa kafin a sāke su.

ABIN DA KE CIKIN ADAKA

Mafi yawan taswirorin da suka rage a ƙasar nan ba a kanti su ke ba. Suna cikin adakar tsofaffin direbobin manyan motoci, da ma'aikatan reluwe, da malaman makaranta, da fataken da suka yi zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko. Sau da yawa in dattijo ya rasu aka buɗe adakarsa, a kan ware takardar gida da ta gona, sauran a ce tarkace ne a ƙone, ko a ba mai ƙosai. Waɗanda suka tsira daga wuta kuma gara da danshi na jiransu. Waɗansu su kan faɗa hannun dillalai su ƙetare teku, har ya zama ɗalibin Nijeriya sai ya nemi taswirar garinsu a laburaren wata ƙasa.

Adana su ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A buɗe takardar a hankali a shimfiɗe ta tsakanin farar takarda biyu, a ajiye ta inda rana da laima ba su kai. Kada a liƙe tsagar da salatif, don man da ke jikinsa ya kan ci takarda ya bar tabo. Kada kuma a kai ta a manne ta cikin leda da zafi, domin in an yi haka ba a iya cire ta. In mai ita ya yi rubutu da fensir a jiki, kamar alamar masaukinsa ko inda motarsa ta taɓa lalacewa, kada a goge, wannan ya ƙara mata daraja. A ɗauki hotonta da waya a raba wa dangi. In kuwa mai ita yana da rai, abin da ya fi kome shi ne a shimfiɗa ta a gabansa a bar shi ya yi ta nuni yana ba da labari, wani yana rubutawa a takarda dabam. Ta haka ne zangon Agege da lungunan Maroko, waɗanda mai talla ya tsallake, za su sami shiga. Wanda ba shi da wurin ajiya, akwai ofisoshin adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan da Kaduna da Enugu.

Mai yawo da tsohuwar taswira a Ikko, in ya taso daga Iddo da hantsi, magariba ta kan riske shi a Obalende, ƙafa ta gaji, takarda ta ƙara laushi a hannu. A nan masu tsire ke hura wuta kamar yadda iyayensu suka yi tun ba a gina gada ta biyu ba, suna naɗe nama da duk takardar da ta zo hannu. Yana da kyau mai saye ya duba abin da aka naɗe masa tsiren da shi kafin ya yar.